Ɗari Ukun Aboka

Tsahara ta Attantane ta shekara ashirin tana matse man gyaɗa, ba ta taɓa taka buro, wato ofishin hukuma, ba sai da jandarmomi suka kama ƙanenta Ɗan Ladi. Wai an ga sawun raƙumin sata ya ratsa gonarsa. Sawu fa! Sai ka ce raƙumi na yin sallama kafin ya shiga gonar mutum.

Aka ce mata ta nemi aboka, wato lauya, in ba haka ba ƙanenta zai ruɓe a kaso, gidan yarin Mayahi. Ta ji sunan ya yi kama da aboki, hankalinta ya kwanta. Ta buga wa wani aboka waya a Maraɗi, ya ce mata, "Ɗari uku ne, Hajiya."

A kasuwarmu da dala ake lissafi, ɗari uku jikka da rabi ke nan. Ta ƙulle su a bakin zane, ta haɗa da kwalbar mai ta godiya, ta hau mota.

Mutumin ya dubi kuɗin, ya gyara tabarau. "Jikka ɗari uku nake nufi, Hajiya. Ban da esansi, man motata."

"Mushe," in ji Tsahara, wato malam da Faransanci, "ƙanena na zo fiddawa, ba raƙumin na zo saye ba!"

Ko murmushi bai yi ba.

Gonar nan da sawun ya ratsa, ita aka sayar aka biya shi. Bayan wata huɗu alƙali ya ce Ɗan Ladi ba shi da laifi. Ya dawo gida wankakke, yana ƙwadago a gonar da ubansa ya bar masa. Kwalbar man ma aboka bai mayar ba.