Zariyar Kawu Maitama

A Gozaki abu biyu aka san Kawu Maitama da su: awon auduga, da wasu sandunan ƙarfe guda biyu. Yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina shekara shida. Sunansa na baftisma Istifanus, amma a majami'a kawai ake jin sa.

Sandunan na wasan golf ne. Wani Bature da ya yi aiki da shi a Zariya ya bar masa su da zai koma gida, da ƙwallo huɗu. Kawu ya binne gwangwanin madara shida a saurar bayan gari, kowanne da tazararsa. Da an cire amfanin gona sai ya fita da safe yana dukan ƙwallo yana bin ta. Mutane suka sa wa abin suna ƙwallon rami, suka bar shi da kayansa.

Sai ƙiba ta zo. Aikin awo na zama ne, kuma matarsa, Inna Ladidi, ta iya miya. Kafin kakar 1964 in ya tsaya kan ƙwallo ba ya ganinta, tumbi ya tare, sai dai ya yi kirdado ya kai duka. Wata safiya jiri ya kayar da shi wajen rami na uku. Malam Jibo, disfensa mai ba da magani daga Malumfashi, ya duba shi ya ce jininsa ya hau ƙwarai. Bai ɓoye masa ba: ko ya sauke laba arba'in daga jikinsa, ko Ladidi ta shiga takaba kafin auduga ta sake fashewa sau biyu.

Babu ma'aunin mutum a garinmu, sai sikelin auduga mai ƙugiya. Duk ranar Talata, in an tashi kasuwar auduga, Kawu ya zauna cikin buhu, ƙarti uku su ɗaga shi su rataye. Manoman da ya shekara ashirin yana auna wa kaya suka samu abin yi. Wani ya ce wannan audugar ba ta kai lamba ɗaya ba, wani ya ce a zazzage a gani ko da ƙasa a ciki. Shi kuwa yana lilo yana tambayar inda allura ta tsaya. Ranar farko laba ɗari biyu da talatin da takwas ce.

Ya bar fura, ya koma malmala ɗaya maimakon uku, kullum kuma sai ya zaga ramukansa shida a ƙafa. Zuwa Kirsimeti ya sauke laba goma sha biyu. Daga nan allura ta kafe. Mako uku ba ta motsa ba, a na huɗu ma sai ta ƙara biyu. Da wani ne sai ya ce sikeli ne ya lalace, amma Kawu bai taɓa yarda a zagi sikeli a gabansa ba. Kansa ya zarga. Ya fara cewa wataƙila jikinsa ba mai jin magana ba ne, ya jingine sanduna a bayan ƙofa.

Ni na san dalili, domin na gani. Ina tankaɗe a madafa Inna ta ɗauki malmalar Kawu, ta huda tsakiyarta da babban yatsa, ta cusa man shanu cike da cokali, ta shafe bakin. Ta dube ni, na dubi rariya. Kwana biyar ina juya maganar, na kasa faɗa wa kowa. Har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Ba ni na tona ba, sana'arsa ce. Mai awo ba ya yarda da saman buhu. Wasu sukan yayyafa wa auduga ruwa, wasu su sa dutse a tsakiya, don haka kullum sai ya zura hannu har gwiwa. In ya samu dutse ba ya tara wa mutum jama'a. Miƙa masa yake a hankali ya ce ya manta da kayansa a ciki. Ran nan da rana ya zauna gaban tuwo ya daɗe yana kallonsa. Maimakon ya gutsura daga gefe yadda ya saba, sai ya zura yatsa a tsakiya. Mai ya biyo yatsan.

Ya ce, "Ladidi, zo. Kin manta da kayanki a ciki."

Inna ta zauna a bakin tabarma ta rufe fuska da gefen zane. Sai ta ce a taron zumuntar mata an tambaye ta ko yunwa ce ta shiga gidanta. Wata ta aiko mata da kwanon dawa a gaban mutane. A wurinmu in miji ya rame, tukunyar matarsa ake dubawa.

"Kai ana yi maka dariya a kasuwa kana jin daɗi, Malam. Ni tawa ba ta daɗi ba ce."

Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce laifinsa ne, ya kai ƙibarsa kasuwa kowa ya sa baki, ita da ke dafawa bai ba ta komai a cikin aikin ba. Ya shiga ɗaki ya zaro zariyar wandonsa ya ba ta. Ƙarshen Fabrairu za a mayar da sikeli Funtua, in ji shi, daga nan ita ce mai awo. Duk Lahadi ta zagaya zariyar a cikinsa, daidai cibiya, ta ƙulla inda ta haɗu.

Lahadin da ta biyo ya tsaya a ƙofar majami'a ya tare matan nan. Ya gaya masu abin da Malam Jibo ya ce, har da maganar takaba. Ya ce ramar da suke gani aikin Ladidi ce, kuma ta fi girki wuya.

Daga nan Inna ta riƙe abin fiye da shi. Ta koma miyar ganye, ta ɓoye ƙwaryar mai a ɗakina. In ya yi nauyin fita ita ke miƙa masa sanduna. Da damina ta sauka aka shuka saurar, sai ta riƙa kora shi gona da fartanya. Ƙulli yana bin ƙulli, wani mako tazarar yatsa, wani mako babu komai. Zariyar ma ta riƙa zuwa zumunta a ƙulle a bakin zane, mai tambaya a warware mata.

Sikeli ya dawo a Nuwamba, aka rataye Kawu: laba ɗari da casa'in da tara. Saura ɗaya arba'in ta cika, manoma suka ce a cire nauyin buhu. Malam Jibo ya ce jinin ya sauka, amma kada a saki jiki.

Washegari muka bi shi saura, ni da Inna, karo na farko da ta je. Ya ajiye ƙwallo, ya gyara tsayuwa, ya sunkuyar da kai. Ya daɗe bai kai duka ba.

Ya ce, "Ladidi, ga ta nan. Ina ganinta."

Inna ta ce to ya buga mana, rana na yi.

Shekara uku ke nan. Duk hutun da na dawo daga makaranta a Zariya, shi ke tarye ni a bakin hanya, a ƙafa, ya karɓi akwatina. Zariyar tana rataye a ɗakin Inna, ƙulli goma sha tara.