Zanen Gadon Asibiti

Baba ya dawo daga Kongo da damina, ina aji huɗu. Zazzaɓi ya cinye shi a sansanin soja, har sai da ya ƙara huda bel ɗinsa da ƙusa. Ni ba mai magana ba ce, sai kallo. Na ga yana ci, yana dariya da mu, amma ko kasuwa za shi sai ya kewaye unguwar Zogbeli.

A Zogbeli akwai wata tsohuwa mai koko, kowa Mma yake ce mata. Ɗanta da Baba tantinsu ɗaya a Kongo, ciwo ɗaya ya kwantar da su, ɗan nata bai tashi ba. Mma ta hana a yi sadakarsa. Ta ce sai ta ji yadda aka binne shi daga bakin wanda ya gani.

Wata Juma'a Inna ta miƙa mini ƙunshin goro, ta ce da Baba, "Tashi ku je. Tsohuwar nan kai take jira."

Mma ta shimfiɗa mana tabarma. Na zauna bayan Baba ina kallon yatsunsa suna murza hularsa.

"Soja, ba labarin yaƙi nake so ba. An yi masa wanka?"

"Ni na yi masa, Mma. Ina rawar sanyi, wani soja ɗan ƙabilar Frafra yana zuba mini ruwa."

"Likkafani fa?"

Baba ya sunkuyar da kai. "Ba mu samu ba. Zanen gadon asibiti ne. Wani ɗan ƙabilar Asante, Kirista ma, shi ya roƙo mana."

"Fari?"

"Fari tas, sabo."

"Alƙibla?"

"Gardama ta kaure, kowa da gabas ɗinsa. Sai hafsanmu ya ara mana kamfas, abin nuna gabas. Muka yi sahu, muka sallace shi."

Sai Mma ta fashe da dariya, tana share ido da bakin mayafi. "Yaron da ko tabarmarsa ba ya naɗewa, shi ne ya samu zanen gado!"

Ta zuba wa Baba koko a babbar ƙwarya. "Shanye. Dubi wuyanka, kamar na zabo." Ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyarta, ta ce a jiƙa gero.

Washegari aka yi sadakar. Baba ne ya zauna a ƙofar gidan yana raba wa yara masa, ni kuma ina ɗauko masa ita da zafinta daga tanda.