Kyaftin Mai Lifta

"Barkanku da shigowa, fasinjoji. Matuƙinku ke magana. Za mu tashi zuwa hawa na huɗu, sama garau take, a riƙe yara, a matse jakunkuna."

Duk wanda ya taɓa shiga liftar dogon benen ofisoshin nan ya san wannan murya. Liftar tsohuwa ce, akwatin ƙarfe ba taga ko ɗaya, da wani mariƙi kamar giyar mota wanda sai an lallaɓa shi yake yarda ya tsaya daidai bakin ƙofa. Shi ya sa aka ɗauki mutum musamman ya riƙa tuƙa ta. Sunansa na yanka ya ɓace tun shekarar da ya kama aiki. Kyaftin kowa ke ce masa, har surukarsa.

Ciwon ya kama shi tun yana firamare, ranar da jirgi ya gifta saman makarantarsu, ya bi shi da kallo yana tafiya har ya afka kwata. Ya fito yana ɗiga, ya ce shi matuƙi zai zama. Mahaifinsa kafinta ne, karatun tuƙin jirgi kuwa ba a biyansa da kujeru da kabad. Ƙofa ɗaya ta rage: wani kamfanin jirage da kan ɗebi matasa jefi-jefi, ya ɗauki nauyin horonsu, in sun gama su yi masa aiki. Sharuɗɗan ba su da yawa. Kiredit a Lissafi da Turanci da Fiziks, lafiyayyen ido, sannan kada mutum ya haura shekara talatin.

Lissafi da Turanci sun ba shi haɗin kai tun zaman farko. Fiziks ce ta ce ba ta san zancen ba. Ya yi ta komawa ɗakin jarrabawa har masu sa ido suka fara tambayarsa ya iyali.

Matarsa, wadda unguwa ke kira Tela, ita ke yi masa bita da safe, littafi a buɗe kan keken ɗinki, ƙafarta na aiki.

"Maigida, me ke ɗaga jirgi sama?"

"Ikon Allah."

"Wannan kowa ya sani, amma mai ba da maki ba shi yake nema ba. Fiffike fa? Iska fa?"

"Af, yanzu nake shirin faɗa."

"Haka ka ce bara."

Ita ko littafin ma ta daina dubawa.

Kafin Fiziks ta huce, Kyaftin ya ɗauki lifta a matsayin share fage. Ai tashi ne da sauka, in ji shi, fiffike kawai babu. Tela ta ɗinka masa farar riga, ta yi masa igiyoyin kafaɗa irin na matuƙan jirgi da ragowar zaren labulen wata amarya. Ya kuma kafa wa kansa doka wadda ko Manajan benen ya gaji ya ƙyale shi da ita: matuƙi ba ya fita daga jirginsa sai an sauka ƙasa. Saboda haka duk shekarun nan bai taɓa sa ƙafa a wani hawa ba in ba na ƙasa ba. In an ba shi kwali ya kai sama, daga ciki yake tura shi da ƙafa, ya ce, "Kaya sun iso, a zo a karɓa."

A shekarar da zai cika talatin Fiziks ta sallama. Ba a jima ba kamfanin ya yi shelar ɗiba, ya kira shi intabiyu, kuma don abin ya cika, zauren da kamfanin ya kama haya yana hawan ƙarshe na benen da yake aiki. Wata mai kamawa zai haura shekarun. In ta wuce shi yau, ta wuce har abada.

Manaja ya ce Baba mai gadi zai riƙe masa liftar. Da safiyar ranar Baba ya leƙa akwatin, ya ja da baya.

"Ɗana, ni da ƙafafuna na zo duniya, da su zan koma."

"Baba, mariƙi ɗaya ne fa!"

"Shi ya sa. Da biyu ne, in ɗaya ya ƙi sai in kama ɗayan."

Haka Kyaftin ya wuni yana jigilar abokan takararsa, samari da 'yan mata masu kwat da ƙamshin turare, yana yi musu sanarwa, takardunsa a hammata. Duk sanda ya isa hawan ƙarshe ya ɗaga ƙafa zai fita, sai ƙararrawa ta yi ƙara daga ƙasa. Sai ya mayar da ƙafar. Daga can cikin lungu ya ji magatakarda na kwaɗa sunansa na yanka, har sai da ya ɗan yi tunani kafin ya gane shi ake nufi.

"Malam, ba kai ake kira ba?" in ji wata mai kwat.

"A ƙasa ma ni ake kira," ya ce, ya rufe ƙofa.

Da aka sake kiran sunan yana tsakanin hawa da hawa, labari ya kai wa Baba, Baba ya buga wa Tela waya. Ta iso da tef ɗin awo a wuya, ta shiga ba sallama, ta damƙe mariƙin.

"Uwargida, ba ki da lasisi!"

"Kai naka ina yake? Kullum a kan kekena kake gwada min yadda ake ja. Matsa."

Ta ja. Liftar ta tsaya daidai bakin ƙofa, ko girgiza babu, abin da ya ɗan ɓata masa rai. Ta sa hannu biyu ta tunkuɗa shi waje.

Ya gyara igiyoyin kafaɗa, ya bi lungun, ya sha kwana. Nan ya yi kiciɓis da bango na gilashi zalla, daga sili har daɓe. Ya duba. Motoci kamar kiyashi. Lemar mai sayar da lemu kamar maɓallin riga. Sai ga wani tsuntsu ya gifta, a ƙasansa. Kyaftin, wanda ya ƙare rayuwarsa yana kallon cikin tsuntsaye, yau ya ga bayan tsuntsu. Benen ya fara lilo, ya sulale ƙasa ya rungumi tukunyar fulawa.

Da rarrafe ya shiga zauren.

Shugabar masu tantancewar dattijuwa ce, matuƙiya, igiyoyin kafaɗarta na gaske. Kusa da ita likita. Ta leƙo ta saman tebur.

"Malam, wani abu ka yar?"

"A'a, ranki ya daɗe. Nan ɗin ma ya yi."

Ya miƙa takardun sama, ta karɓa ta duba.

"Lissafi, Turanci, Fiziks. Komai ya cika. Kana da tambaya kafin mu fara?"

"Ɗaya ce, ranki ya daɗe. Gaban matuƙi, akwai taga?"

"Gilashi ne gaba da gefe."

"Ana sa labule? Matata tela ce."

Likita ya ajiye biro. "Ba kai ka hawo da mu da safe ba? Kullum fa kana zuwa nan."

"Ina zuwa, likita. Fitowa ce ban taɓa yi ba."

Dattijuwar ta sauko daga kujera, ta tsuguna, ta mayar masa da takardunsa a hannu. Ta ce ta daɗe ba ta ji sanarwa mai daɗin tasa ba, amma ba za ta iya ɗaukarsa ba. Ya ce ya gode, ya juya a yadda ya shigo.

A lungu ya tarar da Tela ta bar lifta a buɗe, goshinta manne da gilashi.

"Maigida, zo ka gani! Ga rufin gidanmu can, ashe kwano ɗaya ya ɗage! Kai, ina ma benen ya fi haka tsawo!"

"Uwargida, ja ni."

Ta ja shi da tef ɗin awo. Yana shiga akwatinsa, ƙofa ta rufe, benen ya daina lilo. Ya miƙe ya kama mariƙi. Ranar ce kaɗai aka taɓa sauka ba sanarwa. Baba na ganin fuskarsa ya tashi ya ba shi kujera.

Kyaftin na nan a liftarsa har yau, muryar ta dawo, dokar ma tana nan, sai dai yanzu ba wanda ke tambayarsa dalili. Littattafan ne suka sauya hannu. Tela ta gama sakandare kafin aure, Fiziks ce kawai ba ta zauna ba, kuma da sauran shekarunta. Da safe shi ke riƙe littafi, ita tana taka keke.

"Uwargida, me ke ɗaga jirgi sama?"

Ta zayyano masa fiffike da iska da matsi, ko numfashi ba ta ja ba. Ya bi layin da yatsa, ya rasa inda zai kama ta.

"Kin manta ikon Allah."

"Rabin maki za ka cire?"

"A'a. Sharaɗi ne da ni. Ranar da za ki ɗauke ni a jirginki, kujerar tsakiya nake so, nesa da taga. Sanarwa kuma ki bar min."