Takardu Biyu na Matar Kawu

Kawuna ya tafi Rasha karatun likitan dabbobi tun ina goye, ya dawo Dakoro da takardar shaida da akwati ɗaya da mata. Matar ce mutane suka fi zuwa kallo. Kafin in yi wayo an gaji da kallonta, don ta iya tuƙa tuwo, ta iya ciniki har Buzaye masu cuku suna gudunta a kasuwa, Hausarta kuwa ta Dakoro ce tsantsa. Inna muke ce mata. Addininta dai ba ta bari ba, kawu kuma bai matsa mata ba. Kirista ce ta cocin Otodoks, kuma duk faɗin yankinmu babu coci irin nata.

Ni mutum ne mai shegen son sanin abin da bai shafe ni ba, wannan halin tun ina lakwal, wato makarantar boko, ake dukana a kansa. Da idanun Inna suka fara rauni, ni kuma na sayi waya mai hoto, sai na zama ɗan aikenta. Duk lokacin da wani babban bikin cocinsu ya matso, takan yage falle biyu daga littafin rubutu, ta zana ɗan gicciye a saman kowane, ta jera sunaye da rubutun ƙasarsu. Ɗaya da jan biro, ɗaya da baƙi. Nawa kawai in ɗauki hoto in tura wa ƙanwarta da ke Rasha.

Ban iya haƙuri ba, na tsare ta da tambaya. Ta ce jar ta rayayyu ce, baƙar ta matattu. Ƙanwar za ta kwafe su, ta miƙa wa tsohuwar da ke sayar da kyandir a bakin coci, fada, wato limamin cocin, ya karanta su da baki ɗaya bayan ɗaya a cikin addu'a. Ba a sa sunan uba, ba a sa muƙami, minista da mai shara duk suna ɗaya tal. Na ce to wanda ya ɓata, ba a san yana raye ko ya mutu ba fa? Ta ce a ja yake zama har a tabbatar. Na ce Allah yana bukatar takarda ne? Ta harare ni ta saman tabarau, ta ce fada ne mai mantuwa.

Shekara da shekaru ina ganin jar tana gajarcewa, baƙar tana tsawo. Wata rana na ce ta nuna mini sunan kawu. Ta ce babu shi, babu na ƴaƴanta ma, don wanda aka yi wa baftisma kaɗai ake karɓa. Su a ɗaki take yi musu addu'a da bakinta. Raina ya ɓaci sosai, na ce mutumin da ya riƙe ta da mutunci haka a ce bai isa shiga takarda ba? Sai ta tambaye ni ko limamin unguwarmu zai nema wa mahaifiyarta gafara. Na ɗauki hoton takardun na tura.

Kawu ya rasu bayan girbi, ciwon bai daɗe ba. Ƙanwar Inna ta kira, ta ba ta shawarar a laƙaba masa wani suna na coci a sa shi a baƙar takarda, ai fada ba zai bincika ba. Inna ta ƙi. Ta ce da sunan da aka yanka masa rago Allah ya san shi, ba za ta shigar da mijinta ta katanga ba. Amma abin ya ci ta. Ta rame, kuma da biki ya zo ba ta kira ni ba.

Ana gobe sadakar arba'in ta aiko a kira ni. Ashe su ma suna yi wa mamaci kwana arba'in. Ta dafa alkama da zuma da dabino, irin abin da ake rabawa a wurinsu, ta cika kwano. Ta miƙo mini takarda mai suna ɗaya da baƙin biro, ba gicciye, rubutun boko yadda zan iya karantawa.

"Ɗana, a wurinku wa ake ba? Kuma in ta hannuna ta hito, ana amsa?"

Gaskiya na ji tsoron kada a ƙi karɓa. Washegari na kai kwanon da takardar ƙofar gida, inda malamai ke zaune a tabarmi ana raba gumba. Na durƙusa gaban liman na yi masa bayani a kunne. Ya juya takardar, ya mayar mini. Ya ce mutumin da ya tsufa a sahun bayansa ba sai an rubuta masa shi ba, sadaka kuma daga hannun matar mamaci babu mai mayar da ita. Ya ɗebi alkamar ya tauna, ya ce a zagaya da kwanon. Da aka ɗaga hannu ya ambaci sunan kawu da ƙarfi, jama'a suka ce amin.

Na shiga gida na tarar da Inna tsaye a bayan zaure, wurin da matar da ke takaba ba ta cika zuwa ba, ta kara kunne a bango. Ta ji da kanta. Ta share ido da gefen mayafi, ta ce hankalinta ya kwanta. Sannan ta ce idan tata ta zo kada in wahalar da liman, ta san abin da zai iya da wanda ba zai iya ba, in dai sanar da ƙanwarta ta sauya mata takarda. Na ce to.

Har na juya zan fita ta sake magana, ba ni take kallo ba.

"Mun tsufa ɗaki guda, kwano guda. Abin da ke yi mini ciwo, ba inda za a kira sunana da nashi tare."