Asabe Mai Rinin Siliki da Baƙon Makera

A Sabon Tasha kowa ya san Asabe da ɗankwalayen silikinta, amma ba wanda ya taɓa leƙa tukwanenta. A bayan ɗaki take rini, ta kewaye wurin da tsohon kwanon rufi. Da can a wata masaƙa take aiki a Kakuri, sai ruwan rinin kamfani ya cinye mata fatar hannu. Ta bar aikin ta koma ga abin da ta gani wurin kakarta a Filato: karan dafi ya ba ta ja, gangamau ya ba ta rawaya, baba kuma shuɗi.

Rashin yardarta da mutane yana da tushe. A zamanin soja wani mutum mai fara'a ya riƙa zuwa hira wurin mijinta Yohanna, wanda yake cikin ƙungiyar ma'aikata. Ya ci tuwonta, ya yi wasa da 'ya'yanta. Ranar da aka zo aka tafi da Yohanna, mutumin yana zaune a gaban mota. Yohanna ya dawo da ɗingishi, ita kuwa ta daina ba baƙo kujera.

A shekarar da farar hula suka karɓi mulki, wani Malam Zakariyya'u daga Makera ya fara zuwa. Ya sayi ɗankwali ɗaya, ya dawo ya sayi wani, kullum da tambaya a bakinsa.

"Madam, me kike sa wa rawayan nan ba ya zuba?"

"Wa ya aiko ka?" in ji ta.

"Ba kowa, wallahi. Sha'awa ce."

Ta dubi takalmansa, ta ga irin na ma'aikatan gwamnati ne, an goge su tas. Yohanna ya ce ta ƙyale bawan Allah, soja sun koma bariki. Ta ce waɗanda suke kai musu rahoto ai ba su koma ko'ina ba. Da mutumin ya sake tambaya, sai ta ce ya zuba kanwa da yawa ya tafasa silikin sosai. Ta san abin da hakan zai yi.

Bayan kwanaki wata mata ta yi sallama, ta ce ita ce Rakiya, matar Zakariyya'u. Ta buɗe leda ta fito da gyalen siliki da ya ƙanƙance, ya yi kalar tsatsa.

"Na aurena ne, Maman Celina. An sallami maigida daga masaƙa, na ce bari in koyi sana'a. Kunya ta hana ni zuwa, shi ne na tura shi."

Asabe ta juya gyalen a hannunta. Ba ta ba da haƙuri ba. Ta tambayi sashen da mijin ya yi aiki da sunan shugabansa, da yamma kuma ta sa Yohanna ya je ya bincika. Ya dawo ya ce gaskiya ne.

Ta koya wa Rakiya rawaya, ta nuna mata yadda ake fara jiƙa siliki a ruwan alam don launi ya kama, wuta kuma kaɗan kaɗan. Amma a tsakar gida suke yi, da tukunya dabam. Ja sai da shekara ta zagayo.

Shuɗin kuwa, duk lokacin da Rakiya ta tambaya, sai Asabe ta ce baban bai nuna ba tukuna.