Kaset Masu Jan Zare na Yaya Abdu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Abdu mai kaset. Ya tafi shekarar da ruwa ya kayar da katangar gidanmu a Birni, damina biyu bayan na aurar da autata. Ni ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Faɗa nake ana rubutawa, kuma kada a gyara mini baki.

Yaya bai iya waƙa ba, ɗauka ya iya. Duk buki a Damagaram yana can da rakoda a hammata, mai gurmi da mai kalangu duk sun bi ta hannunsa. Bukin cikin gida kuwa, inda namiji ba ya shiga, ni yake miƙa wa rakodar a zaure. Mu yi waƙar lallen amarya, mu kaɗa ƙwarya, mu faɗi abin da ba ma faɗa gaban maza. In na maido, sai ya ɗaura wa kaset ɗin jan zare. Mai jan zare ba na sayarwa ba ne. Matar gidan kaɗai ke karɓa, ta ji a ɗakinta, ta maido.

Bara 'ya'yansa suka sayar da shagon da duk abin da ke ciki ga wani kamfanin salula daga Yamai. Tun lokacin mutanen gari ke gardama, wai kamfanin ya yi wauta, ya zuba kuɗi kan kaset ɗin da zafi ya cinye, mawaƙan sun mutu, yara ba sa ji. In dai na makaɗan ne, na yarda sun biya fiye da kima. Da Yaya na da rai, da ya yi musu dariya har hularsa ta faɗi.

Amma masu kwasar kaya sun ga zare, suka ɗauka datti ne. Suka tsinke, suka zuba komai buhu ɗaya.

Ran wata Alhamis ina sayen nama a kasuwa, sai salular mahauci ta yi ƙara. Muryar ƙanwata Zuwaira ce, wadda muka binne tun kafin Yaya. Matar da mijinta ma bai taɓa jin waƙarta ba, ga ta a aljihun mahauci. Ya katse ta tsakiyar baiti, ya ce, "Alo, wa ke magana?" Na bar masa naman na taho.

Na samu babban ɗan Yaya, na ce, "Kai, ubanka bai gaya maka zancen zare ba?"

Ya ce, "Gwaggo, sun biya da kyau fa, kowa ma cewa yake mun cuce su."

Na ce, "Wa ya ba ka Zuwaira da za ka sayar?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce zai je biro, wato ofishin kamfanin, ya roƙa a cire. Har yau tana aljihun mutane.

To masu lissafi su ci gaba. Ni dai na san an biya wanda ba shi da kayan, masu kayan kuwa ko sallama ba a yi musu ba. Yaya ya riƙe mana amana har kabari, iyakar abin da ya rage nasa ke nan.

Mu da muka yi waƙar nan saura uku. Ni, da Hajiya Dije a Gidimuni, wadda kunnenta ya toshe, Allah ya hutar da ita jin wannan abu. Sai Mariyama a Takieta. Ita ta ji tata muryar a tashar mota, kuma tun ranar ko bukin jikarta ba ta buɗe baki ba.