Ƙarshen Bencin Mai Shayi

Shekarar da fari ya koro mutanen ƙauye cikin Tasawa, ina ajin ƙarshe na koleji, jarrabawa ta ƙarato. Gidan kawuna ya cika da danginmu na Korgom har zaure, yara na kukan yunwa, ba inda zan buɗe littafi. Babana kuwa ya riga ya gaya mini in na faɗi sai gona, ga shi gonar ko kara ba ta ba mu ba.

Sai na shiga neman wuri wajen masu shayi. Na tasha bai yi ba, 'yan kamasho ba su iya magana sai da ihu. Na bakin asibiti teburinsa na rawa, ga ƙuda. Na bayan kasuwa ne ya kwanta mini a rai: inuwar bedi, tebur mai faɗi, dattijo ne kuma da ba ya korar wanda ya sha kofi ɗaya ya zauna har magariba. Mutanen da ke zama wurin ne ban tsaya na duba ba.

Lokacin mulkin soja ne, gari cike da masu kai rahoto. Mutanen bencin nan tare suka tashi, nan kaɗai suke sakin baki. Ni kuma baƙo, kullum ina ƙarshen benci, kai a sunkuye, ina ta rubutu.

Mai shayin, da ke kirana ɗan lakwal don ina makarantar boko, ya taɓa ce mini, “Ɗan lakwal, in manya na magana ka riƙa aje alƙalamin ga.” Na ɗauka ladabi yake koya mini, har na ji haushi.

Wata la'asar wani mahauci ya ce dawar taimako da aka kawo wa talakawa ya gan ta da idonsa ana aunawa a kasuwa. Kashegari mota ta tsaya, masu kaki suka diro. Ba su tambayi mahaucin komai ba. Ɗaya ya sa masa gindin bindiga a baki, ya faɗi kan murhu, buta ta kife masa a ƙirji. Suka yi ta taka shi har ya daina kare kansa, sannan suka jefa shi mota kamar buhu. Haƙorinsa na gani a ƙasa, kusa da takalmina.

Duk da haka na koma da littattafaina, don ban ga abin da ya haɗa ni da maganar ba. Ina zama benci ya yi tsit. Ƙanen mahaucin ya taso ya tsaya kaina.

“Kai, mi kake rubutawa kullum?”

“Darasi ne, yaya. Ga shi, duba.”

Faransanci ne, ba mai iya karantawa a cikinsu. Mutum biyu suka danne ni, suka shimfiɗa hannuna na dama kan teburin nan mai faɗi da na zaɓa. Ƙanen ya ɗauki ƙarfen da ake fasa sukari da shi. Na ji ƙarar ƙashin kafin in ji zafin. Mai shayin yana tsugune yana hura wuta, bai ɗago ba, kuma har yau shi na fi jin haushi.

Maɗori ya ɗaure mini yatsu biyu da kara. Ranar jarrabawa na kama alƙalami da hagu, na san amsoshin sarai, lokaci ya ƙare ina rabin shafi. Na koma Korgom.

Bayan damina na haɗu da mahaucin a kasuwar Mayahi, ya rame, bakinsa a karkace. Ya kama hannuna ya daɗe yana duban yatsun.

“Na san ba kai ne ba, ɗana,” ya ce. “Wanda ya kai ni yana nan tsakiyar benci. Ko sunanshi bai iya rubutawa.”